Sashen da Ya Fi Iya Aiki, Shi Ya Fi Yawan Kuskure

A farkon shekarun 1990, Amy Edmondson tana karatun digirin digirgir a Jami'ar Harvard ta Amurka, sai aka sa ta cikin wata tawaga mai binciken kurakuran ba da magani a asibitoci biyu. Nata aikin shi ne auna yadda ma'aikatan jinya suke haɗa kai a sassa takwas. Abin da take zato kowa ma shi zai zata: inda akwai haɗin kai da shugabanci nagari, kuskure zai yi ƙaranci. Ta raba takardun tambayoyi, wasu ƙwararrun nas-nas kuma suka shafe wata shida suna zagaya sassan suna tattara kurakurai.

Da aka haɗa alƙaluman, sai ga abin a juye. Sassan da suka fi zaman lafiya da fahimtar juna, su ne suka fi yawan kuskure a rubuce.

Ta koma kan lissafinta, ta tarar babu inda ta yi tuntuɓe. To ruwa ba ya tsami banza. Ta yaya ƙwarewa za ta haifi ganganci?

Daga nan ta daina kallon adadin, ta koma tambayar yadda aka same shi. Mai bincike ba ya tsaye a gefen gado sa'ad da aka ba majinyaci ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Galibi sai wani ya buɗe baki ya faɗa, ko ya rubuta, kafin abin ya shiga lissafi. Ashe mai yiwuwa ne waɗannan sassan ba kuskure suka fi yi ba, faɗa suka fi yi.

Amma zato ba hujja ba ne, kuma a nan ne ta burge ni. Ta tura wani mataimakin bincike ya zauna a sassan, ya lura, ya tattauna da ma'aikata, ba tare da ta gaya masa hasashenta ko sashen da ya fi kurakurai ba. Abin da ya dawo da shi ya raba sassan gida biyu. A wasu, nas takan ce ta yi kuskure a gaban abokan aikinta, a zauna a nemi dalili. A wasu kuwa kowa a tsorace yake, domin wanda ya faɗa shi ake kamawa da laifi.

Sauran hujjar tana cikin takardunta tun farko. Akwai tambayar da ta yi musu: idan ka yi kuskure a sashen nan, ana riƙe ka da shi? Inda suka amsa cewa ba a riƙewa, nan ne rahoton kurakurai ya yi yawa. Ta wallafa sakamakon a 1996.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai kwance. Nas ɗin da ta faɗa nan take ta ba likita damar ceto majinyacin, ta kuma ba sashen damar gano ko kwalaben magani biyu ne suka yi kama da juna. Wadda ta yi shiru saboda tsoro, ta bar tarkon ɗane ga mai karɓar aiki bayanta. Ni dai ba na ganin laifinta kamar yadda nake ganin na wanda ya koya mata shirun.

Wane ne shi? Sassan da ke cikin asibiti ɗaya, dokarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Bambancin ya fi fitowa daga shugabar ma'aikatan jinya ta kowane sashe: yadda take karɓar mummunan labari, ko ta tambayi abin da ya faru, ko ta nemi wanda za a hukunta. A wani binciken da ta wallafa a 1999, Edmondson ta sake gwada wannan a rukunonin ma'aikata 51 na wani kamfanin ƙere-ƙere, nesa da asibiti. Can ma, rukunonin da mutum ke iya tambaya ko faɗar kuskurensa ba fargaba su suka fi koyo daga aikinsu, kuma su suka fi yin sa da kyau.