Yadda Sankarar Mama Ke Gane Hanyar Huhu Da Ƙashi

Macen da ta taso daga Inkil, a bakin hanyar Gombe, ta shigo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi saboda ƙullutu a nono, takan yi mamaki idan likita ya kai hannu hammatarta, ya kuma tambaye ta ko tana tari ko ciwon baya. Dalili kuwa shi ne, sankarar mama ba ta yawo a jiki kara-zube. Tana da wuraren da ta fi sauka: kaluluwar hammata, da ƙashi, da huhu, da hanta.

Tun cikin 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya lura da haka, bayan ya bincika bayanan mata 735 da wannan cuta ta kashe. Ya kwatanta al'amarin da iri da ƙasa, wato iri yakan watsu ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira. Abin da ke kiran irin zuwa wannan ƙasa ne ya daɗe a ɓoye.

Cikin 2001 Anja Müller da Albert Zlotnik da abokan aikinsu a Amurka suka bayyana wani ɓangare na amsar. A jikin ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan sinadarai kusan 50 da masana ke kira kimokain. Aikinsu na asali alheri ne: idan wuri ya yi rauni, su ne ke tashi kamar ƙamshi, fararen ƙwayoyin jini su bi su har su isa inda ake bukatarsu. To, masanan sun gano cewa ƙwayoyin sankarar mama su ma suna ɗauke da irin wannan hanci, musamman guda biyu, CXCR4 da CCR7. Sinadarin da CXCR4 ke shinshina, wato CXCL12, ya fi yawa a huhu da hanta da ɓargo da kaluluwa, daidai wuraren da cutar ta saba sauka. Da suka toshe wannan hanci a jikin ɓeraye, sai yaɗuwar cutar zuwa huhu da kaluluwa ta ragu ƙwarai.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙullutun da kansa yana fitar da wani kimokain, CCL2, wanda ke janyo waɗansu fararen ƙwayoyin jini, ya mai da su barorinsa, su taimaka masa ya fita daga jijiya ya kafu a huhu. Dakarun da aka tanada don tsaron gida ke nan suka koma buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Maganin Plerixafor, mai toshe CXCR4, ya sami izini a Amurka cikin 2008, amma don masu dashen ɓargo. Wani kuma, Balixafortide, an gwada shi a kan mata masu sankarar mama da ta yaɗu, cikin 2021 aka bayyana cewa bai ƙara musu wani amfani ba.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa cikin 2020 mata fiye da 28,000 suka kamu da cutar a Nijeriya, fiye da 14,000 suka rasu. Akasarin masu zuwa asibiti a ƙasar nan sukan zo ne bayan cutar ta yi nisa, sau da yawa don ƙullutun ba ya zafi da farko, ko don an ɗauke shi maruru ana ta shafe-shafe. Wanda aka kama tun yana cikin nono, fiɗa da allurai da gashi kan iya raba mace da shi ɗungum. Idan ya riga ya isa ƙashi ko hanta kuwa, abin da likita ke iyawa galibi shi ne rage masa gudu da sauƙaƙa raɗaɗi.