UCP1: furotin da ke ɗumama jikin jariri sabon haihuwa

Idan hunturu ya kankama a Damagaram ko Tawa, babban mutum yakan yi karkarwa, kuma wannan rawar jikin ce ke samar masa da zafi. Jariri sabon haihuwa bai iya karkarwar da za ta ɗumama shi ba tukuna. Abin da ke riƙe masa ɗumi wani ɗan ƙaramin furotin ne da masana ke kira UCP1, wanda ke zaune a cikin mitokondiriya.

Mitokondiriya wasu ƙananan sassa ne a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, inda ake ƙone abinci da iskar da muka shaƙa don samar da ƙarfi. Kowanne yana da tantani biyu, na waje da na ciki. Yayin ƙone abincin, ana tura wasu ƙwayoyi masu suna furoton su taru a bayan tantanin ciki, kamar ruwa a bayan madatsa. Idan suka dawo ta ƙofar da aka tanada, sai su juya wani inji da ke ƙera ATP, wato makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi.

UCP1 wata ƙofa ce ta daban a jikin wannan tantani. Idan ta buɗe, furoton ɗin sai su kwarara ba tare da sun bi ta injin ba, ƙarfin kuma ya fita a matsayin zafi. A shekarar 1976 ne masanin nan na Faransa, Daniel Ricquier, da abokin aikinsa suka lura da furotin ɗin a jikin ɓerayen da aka ajiye cikin sanyi.

Ba a kowane kitse ake samunsa ba. Farin kitse rumbu ne na ajiya. Kitse mai ruwan ƙasa kuwa, wanda yawan mitokondiriya ya ba shi launinsa, murhu ne. A jikin jariri yana taruwa a tsakanin kafaɗu, da wuya, da kewayen ƙoda. Da fata ta ji sanyi, jijiyoyi ke aika saƙo, ƙofar ta buɗe, jini ya ɗauki ɗumin ya zagaya da shi.

Sai dai murhun yana cin itace. Jaririn da ya daɗe cikin sanyi yana ƙone kitsensa da sukarin jininsa, yana kuma buƙatar ƙarin iska, har ya galabaita ya kasa kama nono. Bakwaini ya fi shiga hatsari, domin wannan kitse a watannin ƙarshe na ciki ya fi taruwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ke ɗaukar zafin jikin jariri da ya yi ƙasa da digiri 36,5 a matsayin matsala. Tana ba da shawarar a goge shi ya bushe nan take, a rufe masa kai, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a kuma jinkirta wankan farko har awa 24. Wannan shawara ta ƙarshe ta shafi ungozoma da kakanni, waɗanda a gidaje da yawa su ke yanke hukuncin lokacin wanka.

An daɗe ana zaton wannan kitse yana ɓacewa idan mutum ya girma. A 2009, wasu bincike da aka wallafa sun tabbatar cewa manya ma suna da shi, musamman a wuya da saman ƙashin kafaɗa. Tun daga nan masana ke neman hanyar kunna UCP1 don yaƙi da ƙiba da ciwon suga.

Tarihi dai ya riga ya yi gargaɗi. A shekarun 1930 an sayar da wani sinadari mai suna DNP a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba. Shi ma yana ɓula wannan madatsa, amma a duk ƙwayoyin jiki, kuma babu mai rufe ƙofar. Zafin jiki yakan hau har ya kashe mutum, wasu kuma suka kamu da yanar ido. An hana shi a 1938, amma har yanzu ana tallarsa a intanet, abin da ya sa Interpol ta fitar da gargaɗi a kansa a 2015. Duk wanda aka tallata wa ƙwayar da ake cewa tana ƙone kitse, ya nuna wa likita kafin ya haɗiya.