Shin Ko Kun San? Farantin Sola Ya Ƙara Girma, Gilashinsa Ya Sirance

Shin ko kun san farantin sola na shekarun baya tsawonsa kamar mita 1.65 ne, nauyinsa kilo 18 zuwa 19, mutum ɗaya ya isa ya saɓa shi ya hau tsani? Manyan da ake yayi yanzu sun kai mita 2.4 a tsawo, 1.3 a faɗi, nauyinsu ya doshi kilo 38. Abin da ke damuna shi ne, girma ya ƙaru amma gilashi ya ragu: daga kaurin milimita 3.2 ya koma 2 a farantan da ke da gilashi gaba da baya.

Shin ko kun san kafin faranti ya sami shaidar inganci ta IEC 61215, sai an harbe shi a wuri 11 da ƙanƙara mai faɗin milimita 25, da gudun mita 23 a sakan ɗaya? Akan kuma danna masa nauyin kusan kilo 245 a kowane murabba'in mita, sannan a yi ta kai shi daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa zafin digiri 85, har sau 200.

Sai dai hadari ba ya tambayar ma'auni. A watan Mayun 2019 ƙanƙara ta sauka a tashar Midway da ke jihar Texas a Amurka, ta lalata farantai wajen 400,000. Shi ya sa yanzu a manyan tashoshi, da an ga alamarta, sai na'urar da ke juya farantai ta karkata su sosai, duka ya zo musu a kaikaice.



Mu a nan, ɓarnar ta fi zuwa daga hannunmu. Ƙwayoyin silikon da ke ƙarƙashin gilashin kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. A kwantar da babban faranti a kan a-daidaita-sahu a bi da shi ta hanya mai ramuka, ko yaro ya taka shi yana wanke ƙurar hunturu, sai su tsattsage alhali gilashin na nan garau. Ido ba ya ganin tsagar, sai da kyamara ta musamman a cikin duhu. Bayan damina biyu ko uku wurin ya soma ɗaukar zafi, caji ya ragu, maigida ya ɗora wa batir laifi.