Daren da muka ci abincin Indiya a tsakar gida a Maraɗi

Mun daɗe muna kallon fina-finan Indiya, ƴan kasuwarmu kuma sun daɗe suna sauke buhunan shinkafarsu, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa sa hannu a tukunyarsu. Wannan ne ya sa a watan Afrilun da ya gabata, ana tsakiyar bazara, muka gayyaci abokanmu shida, ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, cin abincin dare irin na Indiya. Ƙanwar uwargida ce ta ɗauki nauyin girkin, domin ta yi wata uku a Delhi tana jinyar mahaifiyarsu, a can ta koya.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne cefanen. Mun zaci sai an yi aike Kano ko Kwatano, ashe yawancin kayan suna nan a teburin masu kayan yaji: citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kirfa, kurkum, barkono da tsamiya. Abin da suke kira gi kuwa, man shanu ne da aka soya, irin wanda Fulani ke kawo mana. Albasa ƴar Galmi muka saya. Shi kansa barkonon da ake yi wa Indiyawa kirari da shi ba nasu ba ne tun asali, Turawan Fotugal ne suka kai musu shi a ƙarni na 16.

Inda aka samu matsala shi ne shinkafa. Babban abincin daren shi ne biriyani, wanda birnin Haidarabad ya yi suna a kansa. Ana jiƙa nama cikin kindirmo da kayan yaji, a tafasa shinkafa kaɗan ba tare da ta nuna ba, a jera ta a kan naman, a liƙe bakin tukunya da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya fita, sannan a bar ta a kan garwashi. Wannan girki basmati yake so, doguwar nan mai ƙamshi da ake nomawa a Funjab da Haryana da kuma Pakistan. Mu kuwa, da yake wani Alhaji cikin baƙin ya aiko mana da tiya biyu daga shagonsa, ya ce ai tasa ma ƴar Indiya ce, sai muka ji nauyinsa muka ce a yi da ita. Yarinya ta yi gargaɗi, ba mu ji ba. Da aka buɗe tukunyar gwaji da la'asar, sai ga dafa-duka sak, babu ƙamshin nan da ake nema. Dole muka tura yaro kanti a kan babur ya nemo basmati, kuɗinta kuwa sai da muka yi salati.

Alhaji bai yi ƙarya ba. Wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano yawanci turararriya ce ko fara ta talaka, ba basmati ba. Ƙasar Indiya ita ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa kasuwar duniya, shi ya sa da ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a watan Yulin 2023, ta kuma ɗora harajin kashi 20 a kan turararriya a watan Agusta, muka ji a jikinmu, ga shi a daidai lokacin an rufe iyakar Nijar da Benin. Sai a watannin Satumba da Oktoban 2024 Indiya ta janye matakan biyu. Hirar da ta cinye rabin daren ke nan.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi. Ko zama ba mu gama yi ba aka ɗauke wuta, muka koma ga fitilar waya da mafici. A nan ne muka gane hikimar mutanen, domin su ma bazararsu daga Afrilu zuwa Yuni take, kafin damina. Kusa da biriyani akwai raita, wato kindirmo da yankakken gurji da na'ana'a, mai kashe zafin yaji. Aka zagaya da abin sha na ɗanyen mangwaro da aka dafa aka dama da sukari da gishiri, suna ce masa am fanna, daga randa aka ɗebo shi. A ganinmu shi ne gwanin daren. Miyar dal kuwa, da aka yi da surfaffen wake, ba ta samu kasuwa ba, wani ma cewa ya yi alale ne da bai daskare ba.

Alhaji mai shinkafa sau biyu yana ƙari. Da zai tafi sai ya tsaya a zaure ya ce a kawo masa ledar basmatin nan, ya haska ta da waya, ya kwafe sunan da ke jiki a bayan wani rasit.