Zinder: Yadda kebul ɗaya ke haɗa kwamfutoci biyu ba tare da intanet ba

Mai ɗaukar bidiyon biki a Zinder kan dawo gida da dare da hotunan da suka kai gigabait 30 ko 40 a kwamfutarsa. Wanda zai tace aikin yana da tasa kwamfutar daban, dangin amarya da ke Kano da Agadez da Faransa kuma sun fara kira suna tambaya. Daga nan lissafi ke farawa: ta wace hanya kayan za su tsallaka daga wannan na'ura zuwa waccan?

WhatsApp ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 2, kuma kafin a gama turawa forfe ya ƙare. Saura kile, abin da a Najeriya ake kira filash. Shi ma yana da nasa halin. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura gigabait 4, ko da kuwa akwai sauran wuri a ciki. Ga kuma cutar nan ta rakursi da ke ɓoye jakunkunan mutum ta bar masa inuwarsu. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya taɓa kai kundin kammala karatunsa shagon buga takardu ya dawo da kile mai cuta ya san wannan tashin hankali.

Akwai wata hanya da ta girmi duk waɗannan, amma matasa da yawa ba su taɓa gwada ta ba: a ɗauko kebul ɗin rezo, irin wanda ake gani a bayan kwamfutocin ofis da na sibar, a soka kai ɗaya a wannan kwamfuta, ɗaya kan a waccan.

Yadda abin yake aiki

Kebul ɗin, wanda ake kira Ethernet, yana da siraran wayoyi takwas a ciki, an murɗe su biyu-biyu, kuma yana aiki har tsawon mita 100. A da, haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye sai da kebul na musamman da aka sauya wa jerin wayoyi a kai ɗaya. Tsofaffin masu gyara har yanzu suna nanata wannan sharaɗi, amma zamaninsa ya wuce. Tun bayan fitowar ma'aunin gigabit a 1999, kusan duk kwamfutar da ke da kafar gigabit tana gane irin kebul ɗin da aka soka mata, ta daidaita kanta.

Da zarar an haɗa, idan aka ɗan jira, Windows zai ba kowace na'ura lambar adireshi da ke farawa da 169.254. Wanda ba ya son jira sai ya sa da hannu: 192.168.1.1 ga ta farko, 192.168.1.2 ga ta biyu, da 255.255.255.0 a layin da ke ƙasa a dukkansu.

Sai a je kan jakar da ake son rabawa. A kwamfutocin da ke da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, a danna ɓangaren dama na linzami, a shiga Propriétés, sannan Partage. A ɗaya kwamfutar kuma a buɗe wurin duba fayiloli a rubuta \\192.168.1.1 a layin sama. Za ta nemi suna da kalmar sirri ta kwamfuta ta farko. A nan ne mutane da yawa ke karaya su ce abin ba ya yi, alhali matsalar ɗaya ce cikin biyu: ko dai Windows ya ɗauki haɗin a matsayin rezo na jama'a ya rufe ƙofa, sai an mayar da shi na gida, ko kuma kwamfutar ba ta da kalmar sirri kwata-kwata, sabbin Windows kuwa ba sa son karɓar baƙo haka nan.

Saurin ne ke ba mutum mamaki. Idan duka biyun na gigabit ne, ana samun kusan megabait 110 a daƙiƙa, wato gigabait 40 ɗin mai bidiyo zai wuce cikin minti shida zuwa bakwai, muddin ma'ajiyar kwamfutar na da sauri. Tsohuwar na'ura mai megabit 100 za ta ci kusan awa guda. Ko ita ɗin ba ta taɓa ko dala ta data ba.

Abin da ya sa Damagaram ta fi buƙata

Mutanen Zinder sun ga yadda intanet da wuta ke ɗaukewa ba da shawararsu ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan an bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya kayar da Mahamane Ousmane, ɗan Zinder, a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na wayar salula a ƙasar kusan kwana goma.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bisa takunkumin ECOWAS. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga Najeriya yake zuwa, Zinder da Maraɗi kuwa ta layin Katsina suke sha. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Ana cikin murna, ranar 14 ga Maris ɗin shekarar, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga matsala.

Duk wannan bai shafi kebul mai mita biyu ba. Kwamfutocin hannu biyu da ke da caji za su yi musayar kaya a zaure a Birni ko a fada a Zango ko da NIGELEC ta ɗauke wuta, domin babu wata na'ura ta uku a tsakani da ke buƙatar lantarki. Tabbas, ba zai kai bidiyon Faransa ba. Amma zai kai shi wajen mai tacewa, wanda zai rage shi ya koma girman da forfe zai iya ɗauka.

Inda ake yin kuskure

Kebul ba magani ba ne. Fayil mai cuta zai tsallaka da cutarsa, kuma ta wannan ƙofa ta raba fayiloli ce cutar WannaCry ta bi ta mamaye kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017. Wannan abin lura ne a garin da kwamfutoci na hannu, waɗanda ake shigowa da su ta Kano, ke ɗauke da tsofaffin Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020.

Kuskure na biyu ya fi yawa: a gama aiki a manta ba a rufe jakar ba. Gobe mutum ya hau Wi-Fi na makaranta ko na otel, hotunan bikin wata ko kundin bincikensa na iya kasancewa a buɗe ga wanda ya san inda zai leƙa. Kuma kada a kuskura a haɗa kwamfutoci biyu da wayar USB mai faffaɗan kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu, domin kowace na tura wuta, ana iya ƙona kafar.

Sabbin kwamfutoci masu sirara da 'yan uwa ke aikowa daga Turai ko Dubai galibi ba su da kafar Ethernet. Ga masu irin su akwai ƙaramin adafta da ake sokawa a kafar USB. Mai saye ya duba kwalin da kyau: wanda aka rubuta 10/100 kawai zai ja aikin minti bakwai ya koma awa, wanda ake nema shi ne mai lamba 1000.