Man bwat: litar biyu da ke riƙe da ran ƙaramar mota

Kowane mai mota a ƙasar nan ya san ranar bidanjin moter kamar yadda ya san ranar albashi. Amma akwai wani mai na biyu, can cikin bwat, wanda ba ya hayaƙi, ba ya kunna fitila a gaban direba, ba ya kuma kuka sai ya riga ya yi ɓarna. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana tanadi kafin ya mallaki ƴar motarsa, mantuwa da wannan mai tana iya cinye albashin watanni.

Bara da bazara ne abin ya same ni, bisa hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Ina wuce Dogon Dutsi sai tsohuwar Starlet ɗina ta fara wani gunji duk lokacin da na sa bitas na biyar. Can gaba kuma sai sandar bitas ta riƙa fitowa da kanta, dole na riƙe ta da hannu har Birnin Ƙonni. A wani garaji na bakin hanya, makanike ya shiga ƙarƙashin motar, ya kwance murfin da ake zuba mai a gefen bwat, ya zura yatsa. Yatsan ya fito a bushe. Da ya kwance murfin ƙasa, abin da ya tsiyayo bai cika kofin shayi uku ba, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe.

Ya ɗago kai ya ce: « Malam, yaushe rabonka da canza man bwat? » Na amsa da gadara cewa ban taɓa wuce kilomita 5000 ban yi bidanji ba. Ya yi murmushi ya ce: « Wancan ai na moter ne, ranka ya daɗe. » Motar ta kwana uku a Ƙonni, ni kuwa na ƙarasa Maraɗi a motar haya, kuma kuɗin gyaran sun haɗiye abin da na ajiye domin ragon layya.

Inda kuskuren ya samo asali

Ba wauta ce kawai ke sa mutane ɗaukar moter da bwat abu guda ba, al'adar tana da tarihi. A Peugeot 104 da wasu 205 na farko, bwat ɗin yana ƙarƙashin moter ne, kuma mai ɗaya suke sha. Wanda ya yi bidanjin moter ya yi na bwat ke nan. A 504 kuwa, wadda iyayenmu suka yi zamani da ita, bwat yana da ɗakinsa dabam, amma irin man moter ake zuba masa. Manyan makanikanmu da yawa a kan waɗannan motoci suka koyi sana'a, su kuma suka koya wa yaransu.

Motocin sun canza, al'adar ba ta canza ba. Tun faɗuwar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da farashin kayan waje ya ninka, sabuwar mota ta ƙara fin ƙarfin ma'aikaci. Aka koma ga ƙananan motocin da suka gama yayinsu a Turai, masu sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano: Starlet, Corolla, daga baya Yaris. A waɗannan, moter da bwat kowa da nasa mai, kowa da nasa murfi. Tsohuwar Starlet, wadda ta daɗe tana aikin taksi a Yamai, an daina ƙera ta a 1999. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 25. Wa ya san sau nawa aka canza mata man bwat kafin ta zo hannunka? Dillali ba zai faɗa maka ba, lambar kilomita da ke gaban direba kuwa ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Aikin da man yake yi

Cikin bwat na hannu akwai ƙafafun ƙarfe masu haƙora da ke cizon juna, da rulma da ke ɗauke da su, da wasu zobba, galibi na tagulla, waɗanda ke daidaita gudun ƙafafun kafin bitas ya shiga. Babu famfon da ke kai musu mai. Ƙafafun da ke ƙasa ne ke nutsewa cikinsa su watsa wa na sama. Shi ya sa raguwar man take da haɗari: a ƙaramar mota duka-duka bai wuce kamar litar 2 ba, in rabi ya tsiyaye, sassan da ke sama da na gefe sai su yi aiki a bushe. A motoci da yawa bitas na biyar ne ke fara jin ƙishirwa, kamar yadda na gani da idona.

Man bwat ba ya ƙonewa kamar na moter, don haka in ya ragu, yoyo ya yi. Mafi yawa yana bin robar da ke toshe wurin da kardan ke shiga bwat. Robar ta tsufa, zafi ya busar da ita, rairayi ya cinye bakinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda mai ya fita, nan ƙura ke bi.

Wasu kamfanoni na rubuta cewa man bwat ɗinsu na har abada ne. Amma ko cikin littattafan motocin akan ware wani babi na aiki mai tsanani: zafi, ƙura, kaya masu nauyi, yawan tsayawa da tashi. Wannan babin namu ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi na kaiwa digiri 45 a garuruwanmu. Da hunturu ƙura ce. Da damina kuwa, motar da ta ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya tana iya shan ruwa ta ƴar kafar da bwat ke numfashi a samansa. Man da ruwa ya shiga yakan koma kamar kunu, kuma ba ya da sauran amfani ko da jiya aka zuba shi.

Ba kowane mai ba

A nan ne ake yawan neman ƙiba a samo rama. Jikin galan akwai lambobi iri biyu. Na farko, kamar 75W-80 ko 75W-90, kaurin man yake nunawa. Na biyu, GL-4 ko GL-5, yana nuna yawan sinadarin da aka zuba domin jure matsi. Mai kanti zai ce maka 5 ya fi 4. A lissafi haka ne, a bwat ba lallai ba. An yi GL-5 ne musamman domin haƙoran gadar baya ta motoci irin su Hilux, kuma yawan sinadarinsa na iya cutar da zobban tagulla ko ya sa bitas ya riƙa karta wajen shiga. Akwai motocin da littafinsu ya yarda da duka biyun, akwai masu son GL-4 kaɗai. Littafin motar ne alƙali. Mai kaurin 140 da ake zuba wa manyan motoci kuwa, yana rage gunji na ɗan lokaci, amma ɓoye cuta ne, ba magani ba. Man da ake aunawa a kwalba, babu suna babu lamba, a bar wa mai shi kayansa.

Motoci masu bwat otomatik, waɗanda ke ƙara yawa a titunanmu, sun fi tsanani. Nasu man ruwa-ruwa ne, galibi ja, kuma shi ne ke ɗaukar ƙarfin moter ya kai ga tayoyi. Kowane kamfani da irin nasa: a Toyota akwai T-IV, akwai WS, bwat ɗin da ake kira CVT kuma yana da nasa na musamman wanda ba a musanya shi da kowa. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ciki ya fara cin kansa. Bidanji ɗaya ba ya fitar da shi duka, domin wajen rabi ko fiye yana maƙalewa a ciki. Kuma in irin wannan mota ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa: moter a kashe, famfon man ba ya aiki.

Abin da mai mota zai yi

Ranar da ka sayi mota ta hannu, ka canza man bwat, ka rubuta lambar kilomita a takarda ka ajiye tare da kartigiriz. Daga nan, a yanayi irin namu, tsakanin kilomita 40 000 da 60 000 ma'auni ne mai kyau, sai in littafin motar ya faɗi ƙasa da haka. Duk lokacin bidanjin moter, tunda motar tana bisa rami, ka sa a duba bwat. A na hannu, mota tana tsaye daidai, man ya kamata ya kai leɓen ramin da ake zuba shi. Ka tabbata an fara kwance murfin zubawa kafin na fitarwa, don kada a tsiyaye mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. In murfin ƙasa yana da mayen ƙarfe, ka dube shi da kanka: laushin gari ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe kuwa sammaci ne. Da safe kuma, kafin ka tada mota, ka leƙa ƙasa inda ta kwana.

Tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kayan gyara suka ƙara tsada. Bwat ɗin da za a sayar maka a kasuwa shi ma tsoho ne, ba ka san wahalar da ya sha ba. Ƙaramar motar nan ita ke kai yara lakkwal, ita ke kai uwargida asibiti tsakar dare, ita ke ɗauko kaya daga tasha. Litar biyu take roƙo sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Ni dai na biya kuɗin karatuna a Ƙonni. Allah ya sa mai karatu ya koya kyauta.