Kwana a Bakin Tafki a Amurka: Ruwa da Hayaƙi Sun Fi Namun Daji Ɓarna

Da zarar makarantu sun yi dogon hutu a Amurka, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, sai hanyoyin da suka nufi tafkuna su cika da motoci. Wasu na jan ɗan kwale-kwale, wasu na jan gida sukutum da gado da madafi da banɗaki, wasu kuwa tanti ne kawai a naɗe a bayan mota. Al'adar mutanen ƙasar ce su bar gari su je su yi kwana biyu ko uku a bakin ruwa. 'Yan uwanmu da ke can, ɗalibai da ma'aikata da masu iyali, su ma sun fara shiga wannan harka. Wani abokan karatu ne suka ja shi, wani kuma yara ne suka matsa masa lamba. Ba laifi ba ne, hutu ne mai daɗi kuma mai araha. Sai dai yawancinmu ba mu tashi da shi ba, kuma abin da muke tsoro a wurin ba shi ne abin da ke kashe mutane ba.

Sansanin da ake kwana a cikinsa ba daji ba ne kara zube. Fili ne da aka yanka ƙanana-ƙanana, kowane da lambarsa, da teburin cin abinci, da murhun ƙarfe na hura wuta, ga famfo da banɗaki na tarayya. Ɓangaren motocin gida yakan samu soket na lantarki da bututun ruwa da wurin zubar da ƙazanta. Sansanonin gwamnatin tarayya ana kama wuri a cikinsu ta shafin Recreation.gov, kuma da yawa ana buɗe rajistarsu tun saura wata 6, don haka wanda ya tashi a makare sai ya tarar an cinye. Wannan tsari mai kyau shi ke sa baƙo ya saki jiki, ya ɗauka tunda akwai lamba da rasit, to akwai mai tsaron lafiyarsa. Malaman daji suna zagayawa, amma ba za su tsaya a kan kowa ba.

Tambayar farko da mutanenmu kan yi ita ce ta namun daji. Akwai su, babu musu. A gandun Yellowstone, sansanin Fishing Bridge da ke kusa da tafki ba ya karɓar mai tanti ko ɗaya, sai mota mai bango mai ƙarfi, saboda dabbar beyar da ke yawo a yankin. Dokar gandun ta ce a ba beyar da kyarkeci tazarar yadi 100, ɓauna kuwa yadi 25. A sansanoni irin na tafkin Tahoe akwai akwatin ƙarfe da ake kulle abinci a ciki, har da man goge baki da sabulu, domin duk abin da ke da ƙanshi yana jawo beyar. Wanda ya bi wannan, da wuya wani abu ya same shi. Ruwan da aka je kallo shi ne babban mai laifi.

A ɗauki tafkin Mead, wanda ya samu bayan an kammala madatsar Hoover a kan kogin Kolorado a 1936, a iyakar jihohin Nebada da Arizona, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga Las Begas. A gaɓarsa akwai sansanin Boulder Beach mai wuraren tanti da na motocin gida. Yankin na cikin wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayya da aka fi samun mace-mace, kuma nutsewa ce kan gaba. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. An tsayar da kwale-kwale a tsakiyar ruwa, zafi ya ishi mutum, ya yi tsalle ya faɗa ruwa don ya ji sanyi. Iska ta taso ta tura kwale-kwalen, shi yana bi yana iyo, jirgin yana ƙara nisa, har ƙarfinsa ya ƙare. Ko kuma yaro yana kan katifar roba da aka hura, iska ta ja shi, uba ya bi shi a guje ba rigar ceto, a rasa uban. Tafkin madatsa kwari ne da ruwa ya cika, ƙasansa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji babu ƙasa.

Rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ke kula da tafkuna da ayyukan koguna fiye da 400, ta daɗe tana faɗin abu biyu game da waɗanda ke nutsewa a wurarenta: kusan 9 cikin 10 maza ne, kuma kusan 9 cikin 10 ba su sa rigar ceto ba. Wato ba yara ƙanana ba ne suka fi yawa, manya ne masu ganin sun iya. A nan nake ji wa namu tsoro. Wanda ya koyi iyo a kududdufin bayan gari ko a rafi lokacin damina yana da gaskiya idan ya ce ya iya ruwa, amma iyawarsa ta mita goma ce zuwa gaɓa. Ga kuma sutura. Doguwar riga ko hijabi idan suka jiƙa suna naɗe ƙafa da hannu. Mace za ta iya kiyaye suturarta ta ɗora rigar ceto a sama, ta ɗaure maɗaurin da kyau. A wurare da dama a bakin tafkin Mead akwai rumfar da ake aron rigar kyauta, a mayar idan an gama. A jihohin Nebada da Arizona doka ta tilasta wa yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa sa ta a cikin jirgi, amma dokar ba ta ce babba ba ya nutsewa ba.

Kuma mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, numfashin da zai ja ma bai ishe shi ba balle kira. Yaro zai iya tafiya a gaban manya goma suna hira suna juya nama. Shi ya sa ake ware mutum ɗaya, a ce kai ne mai ido yanzu, babu waya, babu hira, bayan ɗan lokaci wani ya karɓe shi. Tafkunan kan duwatsu kuwa suna da nasu makamin, wato sanyi. Ruwan tafkin Yellowstone yana kusan digiri 5 a ma'aunin Salsiyos ko da rana na dukan mutum a waje. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, jikinsa zai ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, idan kansa na ciki to ruwa ya shaƙa. Cikin 'yan mintuna hannu da ƙafa su daina jin magana.

Akwai wani abu a ruwan ɗumi da ya shafi Musulmi kai tsaye. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, ana kiranta Naegleria fowleri, tana rayuwa a ruwan tafki da maɓuɓɓuga mai ɗumi, musamman a laka inda ruwa bai da zurfi. Shan ruwan ba ya kawo cutar. Ta hanci take shiga, ta bi jijiyar shaƙar ƙanshi ta kai ƙwaƙwalwa. Da wuya a kamu da ita, a Amurka mutane ƙalilan ne a shekara, amma cikin waɗanda suka kamu fiye da kashi 97 cikin 100 ba sa tashi. A 2022 wani yaro ya rasu bayan ya yi wanka a tafkin Mead. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta kuma tabbatar cewa shaƙa ruwa a hanci lokacin alwala na iya zama hanyar shigarta, kuma a Karachi ta Fakistan an sha rasa rayuka da wannan cuta. Saboda haka wanda lokacin salla ya riske shi a bakin tafki, kada ya tsuguna a gaɓa ya shaƙa. Ya cika butarsa da ruwan da aka tafasa na minti guda aka bari ya huce. Yara kuma a hana su tsalle da nutso a ruwa mai ɗumi da ya kwanta.

Da dare ya yi, haɗarin sai ya koma cikin tanti. Ko a hamada akan yi sanyin asuba, a kan duwatsu kuwa har haƙora ke kaɗawa a tsakiyar watan Yuli. Sai mutum ya dubi murhun da aka gasa nama, garwashi bai mutu ba, ya ce bari a shigar da shi ciki a ɗan ji ɗumi. Wannan shi ne kuskuren da muka sani a gida lokacin hunturu, a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi da risho da na'urar ɗumama ɗaki mai gas da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, wato daidai abin da ɗan Najeriya zai ce zazzaɓi ne ke son kama shi, ya sha farasitamol ya koma ya kwanta. Idan mutum biyu ko uku a wuri ɗaya suka ji haka lokaci ɗaya, ba zazzaɓi ba ne. A fita sarari nan take, a kira lambar gaggawa ta 911. Mai barci kuwa ba ya ma jin komai.

Fiye da mutum 400 ke mutuwa da wannan iska kowace shekara a Amurka ba tare da gobara ba. A watan Satumba na 2011, a garin Clarksville na jihar Tenesi, mutum 5 sun kwanta a cikin motar gida da suka yi haya a wajen wani taro, janareta na aiki kusa da ita, aka wayi gari babu ko ɗaya da rai. Shawarar hukuma ita ce janareta ya yi nisan ƙafa 20, kusan mita 6, daga inda ake kwana, bakin hayaƙinsa na kallon wani waje. Mai tanti ma ya duba maƙwabcinsa, domin hayaƙin motar da ke gefe yana iya kwararowa inda ya shimfiɗa tabarma. Idan abin ya dame shi, yana da ikon kai ƙara wurin mai kula da sansani, don kusan ko'ina akwai sa'o'in da aka hana kunna janareta da hayaniya, galibi daga 10 na dare zuwa 6 na safe.

Sai ambaliya, wadda ba ta cika zuwa ba, amma idan ta zo ba ta sallama. A watan Satumba na 1974 ruwan sama ya sauka a kan duwatsun da ke saman kwarin Eldorado, ya gangaro ya share mashigar Nelson da ke bakin tafkin Mohabe, a cikin yankin nan na Mead, ya kwashe motoci da gidajen ja ya zuba a tafki, mutum 9 suka mutu. A watan Yuni na 2010 ruwa ya ci mutum 20 cikin dare a sansanin Albert Pike na jihar Arkansas. A ranar 4 ga Yuli, 2025, kogin Guadalupe a Tekzas ya tashi kusan ƙafa 26 cikin minti 45 kafin gari ya waye, ya bi ta sansanonin yara da na motocin gida, fiye da mutum 130 suka rasu a wannan ambaliya. Wurin da ya fi kyau a hoto, dab da ruwa ko a bakin busasshiyar korama, shi ne wanda ruwa ke fara ɗauka. Ba sai an yi ruwa a kanka ba, ya isa a yi shi a kan tudu mai nisa. Da isarka, tun da sauran rana, ka duba ta ina za ka hau tudu da ƙafa idan ta ɓaci, ka bar wayarka a kunne don saƙon gargaɗi. Idan aka ce a tashi, a bar tanti da kaya.

Sauran ƙananan dokoki ba su da wuyar riƙewa. Ba a zuwa da itacen wuta daga wata jiha, a sayi na wurin, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikin itace sun kashe miliyoyin bishiyoyi tun da aka gano wani irinsu kusa da Detroit a 2002. Wuta ba a barinta sai an zuba ruwa an motsa toka ta yi sanyi, kuma idan an sa dokar hana hura wuta saboda fari, tara ce mai nauyi ga wanda ya karya ta. A jihohin arewa maso gabas a duba jikin yara da yamma, musamman bayan kunne da hammata, saboda kaska mai ɗauke da cutar Lyme. A Mead kuwa zafi kansa abin tsoro ne: a Yulin 2024 Las Begas ta kai digiri 49.

Mai karatu da ke Kano ko Minna kada ya ce wannan zancen mutanen waje ne. Tiga da Bagauda da Kainji duk tafkunan madatsa ne, matasa na zuwa yawon salla a bakinsu, ana shiga kwale-kwale babu rigar ceto, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ya kwanta. Janareta kuwa mun fi Amurkawa kwana kusa da shi, a baranda, a ƙarƙashin taga, wani har cikin falo don tsoron ɓarayi.

Wanda ke da ɗa ko ƙani a can da ya ce zai je kwana bakin tafki, kada a tsaya kan yi masa addu'ar tsari daga namun daji kawai. A tambaye shi ko kowa na da rigar ceto daidai jikinsa, har da shi kansa. A tambaye shi ko ya sayi na'urar nan mai ƙara idan ta ji iskar kabon monoksaid, wadda ake samu a manyan kantuna da kuɗi kaɗan. Idan motar haya ce, ya danna maɓallin gwajin na'urar a gaban mai motar kafin ya karɓi makulli.